Shekarar da Simintin Gwamnati Ya Iso

A duk tsawon rayuwata sau ɗaya tak na ga gwamnati ta yi alkawari ta kuma cika shi a kan kari, kuma wannan sau ɗayan ne ya raba yayana da garinmu. Shi ya sa in na ji mutane a majalisa suna kukan an yi musu alkawari ba a cika ba, sai in ce musu su je su yi sadaka.

Garin namu ƙauye ne tsakanin Batsari da Safana, nesa da kwalta. Hanyar burji guda ce ta ratsa shi ta tsakiya, ta bi ta gaban masallacin Juma'a da makarantar firamaren da nake koyarwa, ta fita ta arewa ta shiga gonaki. Da can motoci na shigowa. Da ɓarayin daji suka matsa, direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama mota ɗaya ce ke kwana a garin, tsohuwar akori-kurar yayana. Ita ke kai hatsi kasuwar Batsari, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke dawo da gawa in abin bai zo da sauƙi ba. Da ita yake ci da iyalinsa da mahaifiyarmu Inna, har da ni in albashi ya yi nisa, wato kusan kowane wata.

Yaya ba shi da bindiga, ba ya cikin 'yan sa-kai. Dabararsa guda ce: gudu. Daga ya bar kwalta sai ya taka mota bai ƙara waiwayen birki ba sai ya ga hasumiyar masallacinmu. Fasinjoji su yi ta salati a baya, tsofaffi su yi ta zaginsa, in an sauka kuma su sa masa albarka. Sau da yawa an ɓullo masa daga daji a kan babura, ana ɗago masa hannu da bakin bindiga, ya wuce ya bar su da ƙura. Yakan ce mini, "Malam, kai alli ka iya riƙewa. Wagga hanya, wanda ya rage gudu shi ke kwana a daji." Malam ɗin nan da yake kirana ba girmamawa ba ce, tsokana ce, don shi ya goya ni ina yaro.

To amma gudu a cikin gari wani abu ne daban, wannan ba na musu. 'Yan acaba sun mai da tsakiyar gari filin sukuwa. Wata Juma'a ɗayansu ya kwashe ladaninmu yana fitowa daga masallaci, ya karya masa ƙafa. Aka yi Allah wadai, aka kai shi wajen mai ɗori, magana ta mutu. Ba a jima ba Yaya ya take ragon shugaban ƙungiyar ci gaban gari, wani ɗan kasuwar hatsi da kowa ke ce wa Alhaji. A ranar ne aka gano cewa rayukan al'umma suna cikin haɗari. Ƙafar ladan ba ta tara mutane ba, ragon Alhaji ya tara su har da mai gari.

A cikin wannan zafin kansilanmu ya zo da albishir. Ya ce ƙaramar hukuma ta fito da tsari: duk garin da ke son gyaran hanyarsa, ko kwalbati ne, ko tudun rage gudu, ko allon gargaɗi, to ya fara kawo nasa kason, ita kuma za ta kawo daidai da shi. Ba dole sai kuɗi ba. In kun kawo ƙarfinku da yashi da duwatsu, gwamnati ta kawo siminti. Gwargwadon aikinku, gwargwadon abin da za a ba ku. Mutane suka yi ta kabbara kamar an ga wata.

Yaya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in dai gyara za a yi, a yi mana kwalbati a mashigin rafi. Nan ne mota ke kafewa duk damina."

Alhaji ya gyara zaman babbar riga. Ya ce kwalbati aikin manya ne, sai an sayi rodi, sai an ɗauko magina daga birni, kuma guda ɗaya ne tak. Tudu kuwa kowa ya iya, kuma in muka yi da yawa siminti da yawa za a ba mu. Sannan ya dubi Yaya ya ce, "Kai dai da ma ba ka son abin da zai taɓa gudunka." Aka yi dariya. Na ji haushi ƙwarai, don na san ba gudun banza yake yi ba, amma a wurin da Alhaji ke ba rabin mutanen bashin taki, haushin malamin firamare ba ya zuwa ko'ina.

An ce injiniyan ƙaramar hukuma zai zo ya auna. Bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma yana da 'ya'ya. Ta waya ya yi mana aikin. Da yake ni ne mai karatun boko, ni aka miƙa wa wayar a gaban mai gari. Ya ce a yi uku: gaban masallaci, gaban makaranta, bakin kasuwa. Ya ce kada tsawonsu ya wuce faɗin tafin hannu, a yi su da faɗi yadda mota za ta hau a hankali ta sauka a hankali. Na maimaita wa jama'a kalma bayan kalma. Kowa ya gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da manomi ke yi wa malamin gona.

Aka sa ranar gayya. Wanda bai san gayya ba ba zai gane abin da ya same mu ba. Mu a wajenmu in aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko noma ko yaɓen ɗaki, sai a kira samari da magidanta a yi shi rana guda, mata su dama fura da kunu, makaɗi ya zo da gangarsa yana zuga kowa da sunan ubansa da kakansa. Kuma ba a taru wuri ɗaya ake yi ba, unguwa-unguwa ake rabuwa, kowace tana kallon ta kusa da ita. Ba a biyan kowa sisi. Ladan aikin shi ne gobe a ce unguwa kaza ta fi, kuma akwai mutanen da za su yarda su kwana da yunwa don wannan maganar.

Matsala ta fara tun kafin a sari ƙasa. Tudu uku ne, unguwanni kuwa sun fi uku. Wace unguwa ce za ta yarda a ce ba ta da tudu? Mahauta suka ce su ma 'ya'yansu na tsallaka hanya. Unguwar malamai ta ce ai ladan nata ne. Alhaji ya ce ƙofar gidansa ce inda aka yi hatsari mafi muni, yana nufin ragon. Mai gari, Allah ya ja zamaninsa, ya yanke hukunci irin na masu son zaman lafiya: kowa ya yi nasa.

Da ganga ta ɗauka, sai batun faɗin tafin hannu ya bi iska. Waɗannan mutane ne da tun suna yara ake auna su da tsawon kunyar da suka tayar a gona. Mutumin da kunyar gonarsa ta kwanta rago ne, ba a ba shi mata da daɗin rai. Yanzu ka ce masa ya ɗauki garma, a gaban makaɗi, a gaban surukansa, ya tayar da abin da bai wuce tafin hannu ba? Na je wajen mahauta na ce, "Jama'a, ya isa haka, injiniya ya ce kaɗan." Sarkin fawa ya share gumi ya ce, "Malam, je ka duba na unguwar malamai tukuna. In ka sa su rage, mu ma mu rage." Na je wajen malamai, suka aike ni wajen mahauta. Haka na yini ina kai da kawowa da 'yar rigata mai aljihu, makaɗi kuma yana bina da kirarin ɗan boko mai tsoron ƙasa.

Aka jera duwatsu, aka zuba marmara, aka yayyafa ruwa, aka daddage da taɓarya. Kafin la'asar kowane tudu ya kai ƙaurin babban mutum, ga shi a tsaye cak, ba gangara ba komai. Wallahi in da dankali aka dasa a kansu da an yi amfani.

Maƙera ne suka zo a makare. Su suka kwana biyu suna gyara wa kowa garma da diga, sai da suka gama aikin mutane suka waiwayi nasu, suka tarar duk tsakiyar gari an kama. Ba su yi fushi ba. Suka wuce gida na ƙarshe ta arewa, suka ƙara gaba kaɗan inda hanya ta ɗan lanƙwasa tsakanin gonaki, suka ce nan za su yi nasu, ya zama shi ne mai tarbar baƙi. Da yake sun ga na kowa kafin su fara, nasu ya fi na kowa. Lokacin bazara ne, gonaki fayau, kana tsaye a wurin kana hango mai tahowa tun daga nesa. Babu wanda ya ga abin tsoro.

Yaya ya dawo daga kasuwa da yamma ya tarar da aiki. Ya tsaya a na maƙera, ya fito, ya zagaya shi, ya dubi gonar dama ya dubi ta hagu. Ya tambayi masu gonakin abin da za su shuka bana. Suka ce dawa mana, me aka saba shukawa? Ya ce, "To in dawa ta fi mutum tsawo, ni kuma na zo nan na tsaya cak ina lallaɓa mota, wa zai gaya mini abin da ke ciki?" Suka ce Allah zai tsare. Wani ya ce ai nan kusa da gari ne, ba za su yi gangancin zuwa ba.

A zauren gida na same shi yana cin tuwo hankali kwance, abin ya ba ni mamaki. Na ce, "Yaya, ba ka damu ba?" Ya yi dariya har yana ƙwarewa. Ya ce, "Malam, ƙasa ce fa da dutse. Ruwan farko zai tafi da rabi, na biyu ya kwashe saura. Sai an zuba siminti za su zauna. Simintin wa? Na gwamnati? Ci tuwonka." Na yi dariya ni ma. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san Yaya ya kafa hujjarsa a kan abu mai ƙarfi. Rijiyar burtsatsen da aka yi mana alkawari tun ina saurayi har yau muna jiranta.

Sai ga siminti. Ko mako biyu ba a yi ba, kafin ɗigon ruwa ya sauka. Kansila ya aika da hotunan tudunmu ta waya, a sakatariya aka ga aiki ba na wasa ba, aka ce ga al'umma mai kishin kanta. Da yake gwargwadon aikinku ne gwargwadon rabonku, aka ba mu har da ƙari. Ba a rage buhu ɗaya a hanya ba, ba a ce sai an ga wani ba. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan gaskiya ba, kuma ba na fatan in sake gani. Motar da ta kawo simintin ta sauke shi a bakin kwalta ta ce ba ta shiga. Ka san wa aka ɗauka haya ya ƙaraso da shi cikin gari? Yaya. Ya yi ta jigila yana hawa tudun da zai kashe masa sana'a, ɗauke da abin da za a ƙarfafa shi da shi, yana tsaki tun daga kwalta har gida.

Aka sake gayya, aka lulluɓe kowane tudu da kankare. Maƙera har da gutsattsarin ƙarfe suka sa a nasu don kada ya tsage. Aka shafa farin fenti, aka kafa allo mai cewa a rage gudu, kansila ya tsaya a jikinsa aka ɗauke shi hoto.

In faɗi gaskiya, aikin ya yi amfani. A daminar nan ko kaza ba a take ba a tsakiyar gari. 'Yan acaba suka daina bin hanyar gaba ɗaya, suka koma bi ta lunguna da ƙofar gidajen mutane da gudunsu na da, inda yara ke wasa. Hanya ta zama lafiya lau tun da ba mai binta. Yaya kaɗai ne ba shi da lungun da zai shige. In ya ɗauko kaya, a kowane tudu sai fasinjoji sun sauka, ya hau a karkace, cikin mota na gurzar kankare, sannan su sake hawa. Salansa ta faɗi sau biyu. Wata mai naƙuda ta haihu tsakanin tudun mahauta da na Alhaji, aka ce albarkar aiki ce, da ma ba sai an je asibiti ba.

Dawa ta tashi. Ta wuce gwiwa, ta wuce kafaɗa, ta rufe mutum a tsaye. Yaya ya daina dariya. Ya je gaban mai gari ya durƙusa, ya ce bai roƙi a taɓa na cikin gari ba, na maƙera kaɗai yake so a fasa, shi zai kawo diga ya yi da hannunsa. Mai gari ya ce yanzu abin ya fi ƙarfinsa, tun da simintin hukuma ya hau kai, tudu ya zama kayan gwamnati. Ya je wajen kansila, kansila ya ce in aka ji mun fasa aikin da aka yaba mana, ba za a ƙara ba garin komai ba, a bari sai an zauna. Maƙera kuma suka aiko da cewa in za a fasa, a fara da na Alhaji. Kowa ya ba shi amsa cikin ladabi, har da addu'a.

Na ce masa, "Yaya, ajiye motar nan sai an girbe dawa." Inna ma ta faɗa masa haka. Ya ce, "In na ajiye, wa zai ci da ku? Kuma in ciwo ya kama wani, a kan jaki za a kai shi Batsari?" Tun daga nan duk ranar kasuwa ina fita bakin makaranta bayan la'asar in tsaya, sai na ji ƙarar injinsa ya hau tudun maƙera ya sauka sannan in koma gida.

Ranar da abin ya faru na ji ƙarar injin ya rage kamar kullum. Ban ji ya sake ɗagawa ba. Sai harbi. Kafin 'yan sa-kai su ɗauko bindigoginsu su isa, an gama. Mun tarar da mota ƙafafun gaba a kan tudu, na baya a ƙasa, injin yana aiki, ƙofa a buɗe. Takalman mutane a warwatse. Wata tsohuwa da suka bari tana zaune a kan buhu, ta ce daga cikin dawa ɓarayin suka fito ta dama da ta hagu, ba su ko yi gudu ba, tafiya suka yi suka buɗe ƙofa. Sun tafi da Yaya da fasinjojin da ke da ƙarfin tafiya.

Ba zan ba da labarin watannin da suka biyo baya ba, don ba na son tuna su. Mun sayar da motar. Mun sayar da gonar da mahaifinmu ya bar mana, Alhaji ne ya saya, ya ce don ya taimaka. Inna ta rame har zanenta ya daina zama. An sako Yaya bayan an gama girbi, ƙafafunsa a kumbure, bayansa duk tabon bulala, muryarsa ta koma ta tsoho.

Aka yi ta zuwa jaje. Mai gari ya zo, kansila ya zo, Alhaji ya zo ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake abin da aka rubuta masa. Na buɗe baki, Inna ta harare ni na rufe. Yaya bai ce wa kowa komai ba sai "na gode". Tudun kuwa yana nan, an ce har yanzu ba a zauna ba.

Da ya ɗan ji ƙarfi ya ce zai tashi. Wani abokinsa ya samar masa aikin lodi a wata tasha a birnin Katsina, shi da ya yi shekaru yana tuƙa tasa motar. Matarsa da yara suka riga shi tafiya. Ya roƙi Inna ta bi shi, ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki. Ya durƙusa a gabanta ya daɗe, ta dafa kansa.

Ni na ɗauke shi a babur ɗina da hantsi zan kai shi bakin kwalta. Muka bi ta lungu muka kauce wa na cikin gari. Na maƙera ba shi da lungu, kwata ce ta kowane gefe. Gonaki sun koma fayau, ba komai sai kara a kwance, ko akuya ce kana hangota. Da muka matso na saki totur na taka birki. Sai na ji ya damƙi rigata ta baya.

Ya ce, "Kada ka tsaya. Don Allah kada ka tsaya a nan."

Na ce, "Yaya, ba kowa. Duba ka gani."

Bai duba ba. Ya kifa fuskarsa a bayana yana kuka, mutumin da ko ranar da muka binne mahaifinmu ban ga hawayensa ba, yana cewa in taka, in taka. Ba yadda zan taka, da mun kife. Na sauke ƙafafuna ƙasa na tura babur ɗin a hankali ya hau ya sauka, yana riƙe da ni har rigar ta yage a kafaɗa.

A bakin kwalta ya sauka ya share fuska da hularsa. Ya ce in kula da Inna. Mota ta zo ya shiga, kuma tun daga ranar bai ƙara taka garinmu ba.